Kati Na Bakwai

A Bradford, hawa na biyu, gidan jan bulo,
ruwa na ƙwanƙwasa taga tun la'asar,
Mudassir ya sauko da kwalin takalmi
cike da katunan 'yan ƙwallo
da ya tara tun yana aji uku, da kuɗin alawa.

Ya zaro ɗaya a cikin gidan roba,
ya riƙe shi ta gefe kamar mai ɗaukar ƙwai.
Ashirin da biyar kaɗai aka buga, wannan ne na bakwai,
ga sa hannun ɗan wasan da shuɗin tawada.
Na ce, "Wannan 'yar takardar?"
Ya ce, "Baba, fam dubu biyu ce, kuɗin ɗakina a jami'a."
Na ajiye kofin shayi.

Da magariba ya baje hotonsa a kasuwar intanet.
Kafin in dawo aikin dare saƙo ya faɗo.
Wani wai shi Gareth, bai taya ba, bai nemi ragi ba,
ƙari ma ya yi, fam ɗari uku,
wai ɗansa na kwance asibiti, jibi ranar haihuwarsa.
"Mu bar shafin nan, kamashonsu ya yi yawa,
ba ni lambarka mu ƙarasa ta waya."

Shekara sha ɗaya na yi a Kantin Kwari
kafin in kama sitiyarin bas.
Ban taɓa ganin mai saye ya ƙara wa kansa kuɗi ba
sai in ya hango wani abu bayan rumfa.
Na ce, "Ɗana, duk mai ja ka daga tsakiyar kasuwa zuwa lungu,
shaidu yake gudu."

Ya ce na cika zargi. Ya juya mini ƙeya.

Da asuba wasiƙa ta zo, da tambari, da launi:
an biya, kuɗi na riƙe, aika kati a sake su.
Yaro har ya fara neman ambulan.
Na ce, "Rufe wasiƙar. Kada ka taɓa mahaɗin.
Shiga asusunka ta ƙofar da ka saba."
Ya shiga.
Fam arba'in da ɗaya, kamar jiya, kamar shekaranjiya.
Muka duba adireshin mai aikowa,
harafi guda ya yi yawa, ya laɓe a tsakiya
kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Bai ce komai ba. Kunnuwansa suka yi zafi.
Ni ma ban ce "na faɗa maka" ba,
don na taɓa sayen biri a sama,
atamfa dila biyu, har yau ban ga ƙurarsu ba.

Kwana tara kafin na gaskiya ya zo,
wata dattijuwa daga Hull, mai yawan tambaya,
ta taya, ta ja, ta rage fam ɗari da hamsin,
ta biya ta cikin shafin, inda kowa ke gani.
Sai da kuɗi suka zauna daram muka motsa.
Muka ɗauki hoton kusurwa huɗu,
da ɗan ƙarcen da ke baya kamar tawadar Allah,
kada a dawo mana da jabu a ce namu ne.
Na riƙe waya, yana naɗewa, bidiyo bai yanke ba
har teburin gidan waya.
Inshora, lambar bibiya, sa hannun mai karɓa,
rasit da nauyin ƙunshi na cikin aljihuna.

A hanyar gida ya yi shiru,
yana shafa gurbin da ya rage a kwali.
Na saya masa kifi da dankali, muka ci a tsaye.

Daren nan wayarsa ta sake haske.
Sunan ya canza, yanzu Colin ne,
amma yaron nan na asibiti bai warke ba,
kuma jibi ma ranar haihuwarsa ce.