Mai Ɗinkin Koma a Shafi na Tara

A Yelwa na rubuta littafin,
a ɗakin da tagarsa ke kallon kogi,
dare arba'in ina kashe batirin tocila.
Da hannuna na ƙera Injiniya Mas'udu:
dogo, wankan tarwaɗa,
turarensa na riga shi shiga zaure.
Na ba shi Shafa'atu.
Na cika masa baki da zaƙin rake,
sau talatin da bakwai ya ce ita ce numfashinsa.
Na ƙirga.

Ran Laraba na kai shi shagon Tasallah mai kitso,
inda ake karatu da ƙarfi,
kai a cinya, tsinke a baki.
Na zauna ina jiran guɗa.

Sai Lantana ta ɗaga hannu: “Tsaya, koma baya.
Wane ne wannan na shafi na tara?”
Na ce ba kowa ba ne.
Lawali ne, mai ɗinkin koma a bakin ruwa,
na ajiye shi ne don gaɓar kada ta zama fayau.
Abin da ya yi duka layi biyu ne:
Shafa'atu za ta shiga kwalekwale,
ya taka gefen da ƙafa don kada ya girgiza,
bai ko ɗago kai ba.

Shi ke nan, an raba gari.
'Yan Lawali suka koma tabarmar yamma,
'yan Injiniya su uku suka riƙe benci.
Rakiya ta rantse ta ga ya kalle ta.
Na ce bai kalla ba, ni na rubuta.
Ta ce, “Ke dai ba ki lura ba.”
An yi musu sadaki, an zaɓi launin anko,
an raɗa wa ɗansu na fari suna.
Balaraba ta tafi da rabin kai a tsefe
don an ce Lawali warin kifi yake.

Inna Hurera, wadda ba ta karatun boko,
ta tofar da ɓawon goro ta ce:
“Ɗiyata, injiniyanki bakinsa ganga ne,
daga nesa ake jin daɗinsa.
Shafi ɗari biyu yana mutuwa a kanta,
ya san ko tana tsoron ruwa?
Wancan ya sani.”

Na dawo gida da zafin rai.
An ɗauke wuta. Nafi'u na tsakar gida,
ya jingina waya a jikin buta,
yana zare ƙayar ƙarfasa ɗaya-ɗaya
yana tura tsokar gefen kwanon da nake ci.
Shekara goma sha ɗaya,
bai taɓa ce mini numfashi ba.
Tambayarsa ɗaya: “Kin biya kuɗin adashen?”

Na ce to, bari in ba su abin da suke so.
Na buɗe sabon babi,
na yi wa Lawali wanka, na sa masa shadda,
na zaunar da shi gaban Shafa'atu,
na buɗe masa baki.

Wallahi muryar Mas'udu ce ta fito.

Na goge. Na sake. Ita ce dai.
Duk wanda na matsa wa ya furta
sai ya zama kifin da aka ɗaga sama don a gani:
sheƙi na ɗan lokaci, sai hamma, sai shiru.

Da asuba na mayar da shi bakin ruwa,
da tsohuwar rigarsa, da zarensa a haƙori.
Shafa'atu ta auri injiniyanta,
don an riga an buga bango da hotonsu.

Har yau in na bi ta shagon Tasallah
ba a amsa sallamata da kyau.
Amma kwafin da ke yawo hannu zuwa hannu,
shafi na tara ne kawai
man kitso ya mayar kamar takardar tsire.