Motar Da Ba Ta Tari

Shekara talatin da ɗaya ina gareji a Muciya,
kunnena shi ne ma'aunina.
Mota ta yi tari tun daga bakin titi,
in ce fulogi ne, ko kafireta ta sha ƙasa,
kafin direba ya kashe ta ya yi sallama.

Sai ga wannan ranar Laraba,
a bayan wata motar aka goyo ta.
Fara ce, goshinta ya lotsa har gilashi,
fitila ɗaya ta zazzago tana reto a jikin waya.
Tifar yashi ce ta same ta a gindin gadar Kwangila.
Birki ne ya tsinke, in ji direban,
ya rantse, ya sake rantsewa, ya fashe da kuka.

Mai ita Sista Barira ce ta asibitin Shika,
wuyanta a ɗaure, sai ta juyo da jiki duka in za ta dube ka.
Adashin shekara huɗu ta zuba,
da rabonta na gonar Giwa,
don ta huta da kwanan layin mai.
Ta ce, Malam Haladu, duba min ita.

Na ɗaga bonet. Ba inji.
Ba baƙin mai da zan murza a yatsa in shinshina,
sai wayoyi ruwan lemo masu kaurin rake
da zanen walƙiya yana harara ta.
Na kara kunne. Shiru.
Ban san ko suma ta yi ba, ko ta cika.

Na miƙa hannu da sifana,
Sagiru ya cafke min wuyan hannu,
ɗan ƙanwata, yaron da na yi wa huɗuba,
mai gyaran wayoyi a wata rumfa a Pizet.
Ya ce, Kawu, wannan ba ta gargaɗi sau biyu.
Ya sa safar roba har gwiwar hannu,
ya jona mata kwamfuta.
Ta yi ta ba shi labari da lambobi.
Ni da na raini motoci sun fi dubu,
ko uffan ba ta ce min ba.

Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashinta kamar katifa.
Ɗaki goma sha biyu, uku sun tsage.

Mutumin inshora ya zo daga Kaduna da takalmi mai ƙyalli,
ya ɗau hoto ta gaba, ya ɗau ta baya,
ya ce takardarta ta nuna wa ɗan sanda ce kawai.
Sabon batir kuwa kuɗin fili ne a Zangon Shanu,
da jiran jirgin ruwa wata huɗu,
in dala ta yi haƙuri ta tsaya.

Ta zauna a bencina mai ƙafa uku da dutse,
ta yi lissafi a bayan katin asibiti, ta soke, ta sake.
Ta ce, a gyara ko a haƙura?
Bugun ƙarfe gidanmu ne, da na miƙe mata goshi cikin kwana tara,
da na ci kuɗin aikina.
Na ce, Sista, ɗinkin ya fi rigar tsada.

Ba ta yi kuka ba. Ta ciro carbinta daga jikin madubi,
da takalmin autarta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera.
Wani ɗan Fanteka ya sayi gangar jikin.
Ta koma bin bas ɗin Shika, ta shiga sabon adashi.

Ɗakuna taran da suka tsira, Sagiru ya kwashe.
Mako uku yana awo, yana ɗauri, yana hana ni taɓawa,
ya kai su gidanta a Hanwa, ya haɗa da farantan sola.

Jiya bayan isha'i na bi ta layin.
An ɗauke wuta, unguwa baƙi ƙirin,
tagarta kaɗai ke da ido.
Yara na bitar karatu a tsakar gida,
maƙwabta sun jera wayoyi a kan tabarma.
Ta ce in shigo in sha ruwan sanyi.

Na tsaya jikin akwatin da ke bayan firji,
na waiga, ba mai kallo na,
na kara kunne.
Wani siririn gurnani, can ƙasa, kamar na mage ta ƙoshi.
Na ce, ashe kina magana.