Wushirya

Daren Talata, an gama sussuka,
na dawo daga Jahun, waya cike da caji.
Ɗanliti mai sola ya karɓi ɗari biyu,
ya ɗura min tarihin duniya a kati
wanda bai kai farcen jariri ba.

Inna Tabawa na ɓarar gyaɗa a faifai.
Na jingina wayar da gindin turmi.
Bature na zuba, ni ina juyawa,
abin da ya fi ƙarfina in haɗiye da miyau.

Ga wani birni da ya taɓa cin rabin duniya,
yau ginshiƙai ne, ƙadangaru na shan hantsi.
Ta ce, "Ina rijiyarsu?"
Na ce ba a nuna ba.
Ta ce, "Mai ɗaukar nan bai san ƙishirwa ba."

Ga wani sarki da dakaru dubu ɗari,
taswira na yin ja duk inda ya taka,
kamar manja ya zube a zane.
Ta ce, "Wa ya daka musu? Wa ya tuƙa?
Dubu ɗari fa, Cindo, ba 'yan biki ba.
An faɗi sunan dokinsa, na ji,
ita mai tukunyar ba ta da suna?"

Na yi dariya. Gyaɗa na ƙas, ƙas.
Sai hoto ya koma baƙi da fari,
ruwa na zuba a wani daji mai duhu,
Baturen ya ce Bama.
Ban juya wannan ba. Ba ya bukata.
Faifan ya yi shiru.

Baƙaƙen mutane ne, jere kamar kunya,
akwati a ka, laka har gwiwa,
wani na jan alfadari, wani na da zane a kunci
irin na mutanen gabas da mu.

An ɗauki Barau shekarar da aka yaye ta.
Ya bar gero bai kai yanka ba,
ya bar garma a bakin rumbu.
Ba hoto, ba kabari, ba ko takalmi.
Abu ɗaya uwarta ta bar mata:
"In kina son ganinsa, leƙa randa ki yi murmushi,
wushiryarki tasa ce."

Ta matso har numfashinta ya rufe gilas.
"Tsayar. Koma. A'a, na bayansa."
Na tsayar da mutum goma sha ɗaya,
kowa baki a rufe.
Wa ke buɗe haƙori a yaƙi?

Caji ya sauko tara.
Baturen na lissafa manya da lambobinsu,
wane ya yi dabara, wane ya ci kogi.
Masu akwati na wucewa ta bayan maganarsa
kamar tururuwa a gefen tabarma.

Sai wani, can ƙarshen layi,
ya waigo, santsi ya kwashe na gabansa,
ya fashe da dariya.
Na danna.

Hoton ya dushe, ɗigo-ɗigo kamar tsaki.
Tsakanin haƙoran akwai duhu siriri.
Ko wushirya ce, ko tabon tsohon fim,
wallahi ban sani ba.

Inna ta daɗe. Sauro ya sha, ba ta kore ba.
Yaro ne, bai kai ni ba.
Ta shafa gilas da babban yatsa,
ta bar masa man gyaɗa a goshi.

Caji uku.
Na ce in ajiye mata hoton?
Ta ce, "Da kaya a kansa ka tsayar da shi.
Sake shi ya tafi, Cindo."

Na saki. Ya juya, daji ya haɗiye layin.
Wayar ta mutu kafin a ce wa ya ci.
A duhu na ji ta jawo faifai,
ƙas,
sai can kuma, ƙas.