Leda Ta San Hanyar Gida

Ni ce Lantana mai suyar kifi a bakin gada,
shekara goma sha tara wuƙata na shiga tumbin kifi.
Ban taɓa ganin teku ba.
Ita ke zuwa wurina, a daskare, cikin kwali,
da sassafe, a bayan keken Tanimu,
da rubutu a jikinsa wanda ban iya karantawa.

Ran Laraba na farke wani titus mai ƙiba,
bayansa zane-zane kamar ya kwana da lalle,
sai ga wani abu shuɗi a hanjinsa,
bai kai ƙwayar gero ba.
Na murza shi da yatsa, bai narke ba.
Na sa haƙori. Ba ƙaya ba ce, ba tsakuwa ba.
Amma na san shuɗin nan,
irin na bokitina ne da ya fashe bara waccan.

Safara'u, 'yar ƙanwata mai karatun kimiyya,
ta ce: Inna, wannan ai babba ne, tunda ido ya gan shi.
Akwai na sai da madubin likita,
sirara, gashin jariri ya fi su kauri.
Roba ba ta mutuwa, tsufa kawai take yi.
Rana ta gasa ta, ruwa ya niƙa ta,
ta koma tsaki, tsakin ya koma gari,
kifi ya ɗauka rabonsa ne, ya haɗiye.
Ciki ya cika, yunwa tana nan.

Daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na tsaya a ƙofa ina kallon kwatar layinmu
tana kwasar abin da muka ba ta ajiya:
ledar fiya wata, murfin kwalba, cokalin roba,
da baƙar ledar da ni da hannuna
na ƙulle wa wani kifin ɗari biyar.
Duk sun nufi kogi, ba mai ce musu sai yaushe.

Ndagi masunci ya taɓa lissafa mini hanyar:
daga nan a wuce Kudenda,
a gangara Shiroro, a ratsa ƙasarsu ta Nufe,
a faɗa Kwara, a gaisa da Binuwai a Lakwaja,
daga nan sai ruwan gishiri.
Ya ce da yana yaro koma na fito da ƙarfasa
har sai an kira maƙwabta.
Yanzu? Silifa ƙafa ɗaya.
Tarwaɗa biyu. Ƙunzugun jarirai.
Kadan da suka ba garin suna, in ji shi,
sun bar mana sunan, sun yi gaba.

To ashe ban aika da wofi ba.
Abin da na jefa a Kabala ya yi tafiyar da ban taɓa yi ba,
ya sha ruwan ƙasashe,
ya hau jirgi, ya hau tirela, ya hau keken Tanimu,
ya dawo ya same ni zaune inda ya bar ni.

Da magariba mai ya yi zafi, layi ya taru.
Jikana Mudan na jiran wutsiya, kasonsa ke nan kullum.
Na wanke cikin kifin sau uku,
kamar wanki zai kai inda ido bai kai ba.
Wani mai babur ya ce: Hajiya, ƙulle mini biyu, ina sauri.
Hannuna ya tafi da kansa wurin da ya saba.
Na duba, ba takarda, ba ganye.
Na ƙulle masa a leda.

Da ya ja babur, iska ta fizgi wata daga kan tebur,
ta yi tsalle ɗaya, biyu, ta nufi kwata.
Na bar kifi a wuta,
na bi ta da gudu, da tsufana,
na take ta.