Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Shekara shida ina kai burodi barikin jirage,
daga Sabon Fegi, ana idar da asuba,
kafin rana ta leƙo Gusau ta bayan Kwatarkwashi.
Motata tsohuwar Fijo ce, da igiya nake ɗaure but ɗinta,
amma a goshin gilashinta akwai sitika koriya,
lamba ɗari biyu da sha bakwai.
Ita ke magana a madadina in na iso ƙofa.

Kofur Itodo ya san ni, ya san tarin da injina ke yi,
ya san ɗana Jabbi ya karye a ƙwallo bara.
Duk da haka: kashe mota, sauko, kwance igiya.
Madubi mai dogon mariƙi ya shiga ƙarƙashinta
kamar likita na duba dasashin tsohuwa.
Kare ya shinshina burodi, ya haɗiye yawu, ya wuce.
Ban taɓa jin haushi ba.
Wanda ya baro gonar ubansa a Magami da takalmi ɗaya
ba ya ƙorafin jinkiri a ƙofa.

Ran Laraba aka ce kowa ya sabunta takardarsa.
Na ajiye ta a filin motoci, gindin darbejiya,
tsakanin jif ɗin wani ofisa da keken mai ƙanƙara.
Hoto biyu, shaidar mai unguwa, sa hannun wanda ya tsaya mini.
Benci, layi, azahar, benci.
Akawu ya tafi cin abinci da makullin durowa.

La'asar sakaliya na dawo,
na tarar da bonet a ɗage kamar bakin mai hamma.
Babu batir. Wayoyi biyu na lilo,
an kwance su da ladabi, aikin wanda ya san sifana.
Babu jak, babu tayar safiya.
Carbina kawai aka bari yana reto a madubi,
ko ɓarawon na da nasa, oho.

Na ce, a nan?
Bayan waya mai ƙaya, bayan buhunan yashi,
inda ko ƙuda sai ya faɗi sunan ubansa?
Mai ƙanƙara ya ce bai ga kowa ba.
Darbejiya ma haka ta ce.

Itodo ya zo da littafi.
Ya rubuta batir, ya rubuta taya,
sai biro ya tsaya a hannunsa.
Ya ɗora yatsa kan gilashi, inda gam ya bar tabo mai kusurwa huɗu.
"Baba, ina sitika?"
An ɗaye ta da reza, sannu a hankali,
ko gefe ɗaya bai yage ba.

Nan na ga soja na gumi a inuwa.
Oba-oba ta ɗauki kuka, aka busa usur,
ƙarfen ƙofa ya sauko bai sake tashi ba.
Matan ofisoshi, masu nama, malamin firamare,
kowa ya buɗe but yana hararata.

Batir kuɗi ne, zan ci bashi wurin Nomau.
Amma gobe wace mota za ta zo sanye da goshina?
Me za ta ɗauko a ƙarƙashin buhu
ta gaida sojan da ya saba ɗaga wa lambata hannu?
Da ɗan gari akan ci gari, an faɗa,
ban san wata rana ni ne zan zama takalmin ɗan garin ba.

Sai bayan isha suka gama da ni.
Shafi uku na bayani, da dangwalen yatsa.
Samari biyu masu kaki suka tura min ita har titi.
Kafin nan, Itodo ya sake zura madubinsa a ƙarƙashinta,
bai dube ni ba, ya ce, "Doka ne, Baba."
Na ce, duba da kyau, ɗana.

Yanzu a waje nake sauke burodi, a baro ake shiga da shi.
An soke lambar, an ce in jira sabuwa.
Da dare in jirgi mai saukar ungulu ya keta saman gidana
sai in tashi zaune ina lissafi:
wa ya tsaya kusa da ni a layi,
wa ya tambaye ni ƙarfe nawa,
wa na ba ragowar burodi kyauta a bakin ƙofa.