Ministar Ruwa ta Kwana Uku

A ɗakin taron makarantarmu, a Marwa,
suka maƙala min takarda a ƙirji da allura:
Tasalla Gambo, Ministar Ruwa.
Kujerar ma aro ce daga ofishin shugaba,
ƙafarta ɗaya ta dogara da bulo.

Bobbo Sali ne shugaban ƙasa,
cikin kwat ɗin yayansa, hannun ya haɗiye yatsunsa.
Muka tuntsure da dariya. Malam Dogara bai yi ba.
Ya ce, "Mai son magana ranar Asabar
ya zo da lissafi, fatar baki kowa na da ita."

Sai na ɗauki littafi na shiga Domayo ƙirga famfuna.
Goma sha tara na samu.
Shida suna zuba,
huɗu suna tari kamar tsoho da asuba,
tara sun yi gum, gizo-gizo ya saƙa musu labule.

A tsakiyar rafin da ya ƙafe
na tarar da Inna Didi durƙushe, tana tonon rairayi da ƙoƙo,
tana jiran ƙasa ta yi gumi.
Ta dubi takardar ƙirjina, ta ce, "Minista ce?
To rubuta: bayana.
Rubuta shi da manyan baƙaƙe."
Na rubuta,
ko da yake jadawalin da aka ba ni
ba shi da gurbin ciwon baya.

Jarka ɗaya, dala goma.
Gida mai baki takwas, jarka shida a wuni.
Jaka tara a wata, kafin a sayi ko da gishiri.
Na ja layi biyu a ƙarƙashi:
a gyara famfo tara, talaka ya huta da saye.
Har na ji kaina ya yi girma.

Bayan isha'i sai ga kukan taya a zaure.
Baba ne ya turo kurarsa, jarkoki sha biyu suna ƙara,
rigarsa jiƙe, ba da ruwan sama ba.
Ya zube silalla a tabarma yana warewa:
wannan na gero, wannan na kananzir,
wannan na littafin Tasalla.
Littafin da na ja wa layi biyu.

Ban yi barci ba.
Ashe gatarin da na wasa wuni guda
gindin bishiyar gidanmu yake kallo.

Washegari na koma, ba famfo na ƙirga ba,
mutane na ƙirga.
'Yan ga-ruwa arba'in da ɗaya,
kowa da bakunan da ke jiransa.

Ranar Asabar Kaltuma Abba, jagorar adawa,
ta miƙe ta ce, "Ina kuɗin gyaran zai fito?"
Na karanta shafi biyu, muryata tsaf.
A na uku ta fara rawa:
duk famfon da ya farfaɗo
a ba shi mai tsaro daga cikin masu tura kura,
da albashi, ko yaya yake.
Wani daga baya ya ce, "Minista tana yi wa gidansu!"
Na ce, "Ƙwarai. Kai wa kake yi wa?"

Ashirin da uku suka ɗaga hannu, sha huɗu suka naɗe nasu.
Bobbo ya naɗe hannun kwat ya sa hannu.
Malam ya zura takardun a ambulan,
ya ce za su kai teburin magajin gari.
Wata rana.
Aka mayar da kujera, aka bar bulo.

Litinin da asuba, ina tsaye a zaure,
hujin allura yana nan a rigata.
Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba talaka hanya."
Ban ba shi ba.
Na kama ƙarfe ɗaya, ya kama ɗaya,
muka tura har bakin kwalta.