Ƙyallen Anti Dede

Ƙarƙashin wayoyin wuta na Jorwulu
nake da fangali goma sha ɗaya:
latas, kabeji, albasa mai lawashi,
da wani lungu da aya-aya ta fi ƙarfina.

Ran Talata na makara.
Motar Nima ta mutu mana a hanya,
ban goya famfo ba sai bayan azahar,
lokacin da teku ke buɗe ƙofa
ta sako iskarta cikin Ankara.
Na ji ta a wuyana. Na ji ta sarai.
Na ce, minti ashirin ne, me zai faru?

Na ɗaga sandar feshi har ƙirji don sauri,
na matsa famfo har yana huci,
magani ya fita siriri kamar hayaƙin turare.
Rabi ya sauka kan ciyawa.
Rabin kuwa, ban tambaye shi ina za shi ba.

Bayan kwana huɗu sai ga Anti Dede,
mai barkonon ƙetaren hanya,
da faranti a ka.
Ta sauke shi gaban takalmana.
Dashen barkono ne, sati shida da tsiro,
ganye ya nannaɗe kamar yatsun mai sanyin ƙashi,
kan tsiron ya juya yana kallon ƙasa.

Da ta zage ni, da na sami abin riƙewa.
Ni ba na jin Ga, sai gaisuwa da ƙidayar sidi,
ita Hausarta ta kasuwa ce.
Ta dube ni kawai.
Sai ta kwance ɗankwalinta, mai ruwan goro,
ta sa haƙori ta yago bakinsa,
ta ɗaura a kan karan masara
ta kafa daidai inda gonata ta ƙare.
Ƙyallen ya tashi tsaye, ya nuna ta.
Ta ce, "Ka gani?"
Na gani.

Na biya kuɗin iri. Sati shida ba a biyansu.

Yanzu da sallar asuba nake kama hanya.
Kafin in kwance murfin kwalba
sai na gaida ƙyallen.
In yana kaɗawa a hankali wajen lunguna, bismilla.
In ya miƙe yana fal-fal, na haƙura.
In ya rataye shiru kamar an yi rasuwa,
shi ma ban yarda da shi ba:
na taɓa ganin feshi ya tsaya a sama kan raɓa,
ya jira rana ta fito
sannan ya zaɓi gonar da zai faɗa.

Na sake bakin famfo, sidi kaɗan a Agbogbuloshi,
mai zubar da ɗigo masu nauyi, irin yayyafin farko,
waɗanda suka san hanyar ƙasa.
Sanda ba ta wuce gwiwata.
Hannu ba ya gaggawa.
Taku biyar kafin iyaka na bar wa fartanya,
bayana yana ƙorafi, ina jinsa.
Na jera masara layi uku ta zama shinge,
ko ba ta yi goyo ba, ta yi aikinta.

An ce iska na wahalar da mai kayan kara.
Mai kayan dafi fa?
Shi ba ya jin nauyin komai,
maƙwabci ke ɗauka.

Jiya ɗana Issaka ya biyo ni.
Mun cika tanki, mun auna, mun gauraya,
na sa hannu cikin igiyar goyo,
sai ƙyallen ya juya.
Ya koɗe yanzu, rana ta sha jansa,
amma yatsa ne har gobe,
ya nuna barkono, da igiyar shanya,
da jikarta mai wanke kwano a bakin famfon ruwa.

Na sauke.
Yaro ya ce, "Baba, aikin fa?"
Na ce, ɗauko fartanya.

Can ƙetaren hanya Anti Dede na tsinka,
jajaye suna faɗawa cikin roba ɗaya bayan ɗaya.
Ba ta ɗago kai ba.